Ardo, Wat Nawa Ka Ce?

Ardo, wushe. Na san ba za ka amsa ba, don shekara talatin muna tare har yau ba ka iya gaisuwar iyayen gidanka ba. Na yafe maka, Babarbare ba ya riƙe yaronsa a zuci. Niyyata in bar maganar nan a majalisa inda aka yi ta, sai ga shi an ce jiya ka sake tayar da ita a wurin ɗaurin aure, har kana rantsuwa wai na'urar da aka auna oba-obarka da ita ce ba ta da lafiya. Tunda haka ka zaɓa, bari in sa ta a jarida, jikokinka ma su samu abin karantawa.

Tun ranar da ka dawo daga kasuwa da oba-obar nan rataye a ƙugu, majalisarmu ta Jekadafari ba ta ƙara shan shayi cikin natsuwa ba. Mutum na tsakiyar magana sai a ji ƙyarrr daga gefenka, ka zaro ta, ka kara a kunne, ka haɗe rai kamar Baturen 'yan sanda, alhali babu wanda ya kira ka. Guda biyu ka saya, irin ƙananan nan da 'yan agaji ke riƙewa a filin Idi, da 'yan banga, da masu gadin ma'aikatu. Tun da Baofeng UV-5R ta fito a 2012 ire-irenta suka cika duniya, don kuɗin ɗaya bai kai na ɗan akuya ba. A takardar da ke cikin kwalin taka, ƙarara aka rubuta wat 5. Wannan ya ishi kowane mai hankali. Kai bai ishe ka ba.

Sai ka ɗauki ɗaya ka kai wa wani yaro mai gyaran waya. Ya jona ta da kwamfuta, ya latsa nan ya latsa can, ya kwance bayanta ya ɗiga dalma a inda Allah kaɗai ya sani, ya ce maka ya “buɗe” ta. Ya manna mata jar sitika mai ɗauke da 25W. Ya kuma haɗa ka da wata eriya doguwa siririya, wadda na tabbata ita ta sace maka zuciya, don kamarta ɗaya da sandar kiwo. Ɗayar ba ka kai ta ba, saboda kuɗin gyara na biyu sai an taɓa garke, kuma duk Gombe an san Ardo ya gwammace ya kwana da yunwa da ya ga maraƙi ya bi hanyar kara. Wannan rowar taka ita ta ba mu shaida daga baya.

Daga nan labari ya fara tsawo. Ranar Litinin tana kai Kumo. Ranar Laraba, da dare, har Dukku. Ranar Juma'a bayan an sauko, ka ce in iska ta yi kyau Maiduguri ma ba ta gagare ta ba. A nan ne na ajiye kofin shayi. Ka yi ƙaryarka a ƙasarku ba ruwana, amma ka tsallaka Borno da ita, wannan ya zama cin iyaka, kuma an taɓa gwada haka a 1808 an ga yadda aka ƙare da Shehu El-Kanemi.

Tun kafin a nemo na'ura ma, akwai lissafin da ɗan firamare zai yi maka da tsinke a ƙasa. Juya batirin ka karanta abin da ke bayansa: bolt 7.4, cikinsa kuma mAh 1800. In aka ninka ɗaya da ɗaya, duk abin da ke cikin batirin nan bai wuce ya ba da wat 13 na tsawon awa guda ba, daga nan ya mutu. Irin waɗannan na'urori kuwa, kusan rabin wutar da suka sha ne ke fita ta eriya, sauran rabin zafi yake zama. Ke nan kafin wat 25 ya fita sai ta zuƙi 50, batirinka ya ƙare cikin minti 16 na magana, sannan wani wat 25 ɗin ya tsaya a tafin hannunka a matsayin zafi. Wat 25 shi ne ƙarfin ƙaramin ƙarfen da masu gyaran rediyo ke narka dalma da shi. Da sitikar nan gaskiya ta faɗa, da yanzu hannunka na dama ya nuna, saura yaji da albasa. Na gaya maka haka, ka ce lissafin Barebari ne, wai mu ko kuɗin turare ba ma lissafawa daidai.

Shi ya sa ranar Asabar na ɗauko maka dattijon nan maƙwabcina, wanda ya yi aikin sadarwa tun zamanin P&T, kafin a kafa NITEL a 1985. Yana da lasisinsa na masu sha'awar rediyo, lambar kiransa da 5N ta fara kamar ta kowane ɗan Najeriya, yadda ta mutanen Nijar ke farawa da 5U. Ya zo da 'yar jakarsa, ya shimfiɗa ƙyalle a kan bencin mai shayi, bai ce da kowa komai ba. Abu na farko da ya yi shi ne ya kwance sandar kiwon taka ya ajiye gefe, ka bi ta da kallo kamar an raba ka da saniyar tatsa. Ya ɗaura na'urar awo a gurbinta, a bayan na'urar kuma ya ɗaura wani dunƙulen ƙarfe mai haƙarƙari da suke kira domi-lod. Ya ce aikinsa ya shanye duk abin da oba-oba ta fitar ya mai da shi zafi, ba tare da ko ɗigo ya hau iska ya dami wani ba, kuma om 50 ne cif, daidai da abin da aka ƙera ta ta tarar a bakinta. In aka auna da eriya a jiki, ba a san ko ƙaryar ta rediyo ce ko ta eriya ba. Ka tambaye shi ko ba za a iya gwadawa da mitar masu gyaran wutar gida ba, ko da ƙwan fitila. Ya dube ka ta saman tabarau, ya ci gaba da aikinsa.

Ya sa ta a megahaz 145, ya ce latsa. Ka latsa. Na'ura ta rubuta 4.1.

Majalisa ta yi tsit. Ka ce ba ka latsa da kyau ba. Ka miƙe tsaye, ka gyara hula, ka sa manyan yatsu biyu ka danne maɓallin har jijiyar wuyanka ta fito. Na'ura ta rubuta 4.0. Mai shayi ne ya fara faɗuwa, tukunyarsa ta kusa bin sa. Ka ƙi saki, kana jiran lamba ta hau kamar mai jiran nono ya yi kindirmo, ita kuwa sai sauka take, don batir na raguwa, cikin rediyon na ɗaukar zafi. Da ta kai 3.6 dattijo ya ce ka saki kafin ka gasa ta. Aka koma ɓangaren sama, megahaz 435, ta ba da 3.2. Sannan ya miƙa hannu ya ce a ba shi 'yar'uwar, wadda rowa ta hana ka kai wa mai gyara. Aka ɗaura ta a wuri ɗaya, da batir ɗaya. Ta rubuta 4.6.

Ardo, ka biya kuɗi an rage maka rabin wat. Na sha jin an sayar wa Bafulatani abin da bai kai kuɗinsa ba, amma a karɓi kuɗinsa a rage masa kayansa, ya kuma tafi yana godiya har da addu'a, wannan sai a Jekadafari.

Sai aka zo kan sandar kiwo. Akwai awon da suke kira SWR, wanda ke nuna yawan ƙarfin da eriya ta ƙi karɓa ta koro shi baya. In ya nuna 1, komai ya fita. In 2 ne, kusan kashi 11 cikin ɗari ya dawo. In 3 ne, rubu'i cur. Taka ta nuna 3 da 'yan kai. Guntuwar da ta zo a kwali, wadda ka bai wa yara suna wasa da ita har sai da aka aika gida aka ƙwato, ta nuna 1.6. Dattijo ya ce tsawo kaɗai ba ya yin eriya, sai tsawon ya dace da zangon da ake magana a kai: a megahaz 145 wajen santimita 50 ake nema, a 435 wajen 17, kuma kasuwa cike take da na jabu waɗanda roba ce doguwa, wayar ciki kuwa ko ta kai tsawon yatsa. Wutar da ta dawo kuma ba ɓacewa take ba, kan ɗan ƙarfen da ke haifar da ƙarfin take sauka, ta yi ta dafa shi har ranar da zai yi shiru. Don adalci, ya ƙara da cewa awon eriyar hannu ba a cika rantsuwa a kansa ba, saboda jikin mai riƙewa ma ɓangare ne na eriyar. Ka yi farat ka ce to ai shi ne. Ni kuwa na ce lallai shi ne: in jikin mutum rabin eriya ne, kai ai rabin taka a rame take tun haihuwa.

To me yaron nan ya buɗe? A nan ne dattijo ya yi maka bayani da yaren da za ka gane, kuma na ga ka gane, don ka daina murmushi. Ya ce sararin nan da muryoyi ke bi, rabe yake kamar daji. Akwai gonar gidajen rediyon FM, daga 87.5 zuwa 108, inda kake kama Progress da Amana da Jewel. Akwai gonar jiragen sama, daga 118 zuwa 137, wadda matuƙa ke magana da hasumiya a kanta in za su sauka Lawanti. Akwai na jami'an tsaro da na 'yan kwana-kwana. Masu sha'awa kuma an yanka musu burtali, daga 144 zuwa 146 a wannan yanki na duniya, da wani a sama. Abin da mai gyara ya yi shi ne ya cire shingen da ke hana rediyonka fita daga inda aka tsara mata. Bai ƙara maka saniya ko ɗaya ba, garken dai ya saki. Dalmar da ya ɗiga kuma, in ta taɓa matatar da ke tace abin da ke fita, kana magana a 145 muryarka na yayyafi a 290, cikin gonar mutanen da ba ka taɓa gani ba. Kai ka fi kowa sanin abin da ke biyo bayan shanu sun kwana a gonar wani. Shi burtalin ma ba a shigarsa haka kawai. Tun 1961 akwai dokar sadarwa marar waya a ƙasar nan, kuma lasisi ake nema a ma'aikatar sadarwa ta tarayya. Da ya tambaye ka naka, ka fara duba aljihu kamar mai neman goro.

Duk da haka ba ka saduda ba. Ka ce lamba daban, aiki daban, a fita a gwada nisa. Wannan kam na yarda da kai, gani ya kori ji. Dattijo ya zaɓi zango a cikin burtali, ya zauna kusa da kai yana sa ido, aka tsaya gardamar wanda zai fita. Ka ce sunan unguwa ya riga ya yanke hukunci, je ka da fari. Na hau Keke da marar gyaran a hannu.

A shataletale ina jin ka tar, har da tarin mai shayi. Muka ƙara gaba, murya ta fara haɗuwa da shuuu kamar ana soya ƙosai a bayanka. Kafin mu kai filin wasa na Pantami sai gutsuri-gutsuri: “...do ne... na ji... ba...” Na ce wa mai Keke mu nufi hanyar Kumo, mu ga abin da aka yi ta ba mu labari. Ba mu gama fita daga cikin gidaje ba ka ɓace ɓat. Ina zaune ina jijjiga oba-oba sai wayata ta yi ƙara. Kai ne. “Kana ji na a oba-oba?” Na ce a'a. Ka ce in ɗaga ta sama. Na ɗaga. Ka sake bugowa: “Yanzu fa?” Sau bakwai, Ardo. Mai Keke ya tsaya gefen titi ya kifa kai a sitiyari, ya ce tun da yake sana'ar nan bai taɓa ganin rediyon da ake tambayar lafiyarta ta waya ba.

Da za mu koma ne dattijo ya karɓi wayar ya ce kada mu dawo, mu juya hanyar Bauchi mu hau tudu wajen Tumfure, mu tsaya inda ake hango gari a ƙasa. Muka hau. Na sauka na fuskanci gari, na latsa. Sai ga muryarka raɗau, kamar kana cikin Keken, kana cewa wani ya miƙo maka sukari. Nan fa ya fi inda ka ɓace nisa. Rediyo ɗaya, batir ɗaya da ya riga ya gaji, wat huɗun nan dai da ka raina.

Abin da ke nan shi ne, muryar irin wannan zango kusan yadda ido ke tafiya take tafiya. Abin da ya tare gani, yakan tare ta. Duniya kuma a lanƙwashe take. Mutumin da ke tsaye da rediyo a mita 1.5 daga ƙasa, iyakarsa wajen kilomita 5 ne, in abokin maganarsa ma a tsaye yake a haɗa biyu ya zama 10, shi ma a fili fetal irin na wajenmu, inda ba tudu ba kwari. Ɗaga eriya mita 25, iyakar ta koma kilomita 20. Kai ta mita 100, ta zama 41. Kai kuwa ina kake? Garin nan da aka dawo da sarautar Gombe cikinsa a 1919, a cikin kwari yake zaune kamar tuwo a akushi, tudu ta yamma, dutsen Liji ta gabas. A cikin akushin kuma kana zaune a kan benci, kewaye da bulo da rodi da rufin kwano, kowanne na cin rabonsa. Ko da sitikarka ta yi gaskiya, ba za ta fitar da kai ba. A sarari inda babu komai, sai an ninka ƙarfi sau huɗu nisa ke ninkuwa sau biyu. A doron ƙasa abin yakan kai sau goma sha shida. Daga wat 5 zuwa 25, in da kana kai kilomita 3, da ƙyar ka kai huɗu da rabi. Kumo kuwa ta haura kilomita 30.

Abin da ya fi ba ni haushi, kai ne ya kamata ka koya mana wannan. Wane makiyayi ne ke tsayawa cikin kwazazzabo ya kira shanu? Suri yake hawa, ko reshen kirya, ya yi kira ɗaya garke ya juyo. Kakanninka sun san tudu ya fi maƙogwaro. Kai ka shigo birni ka sha shayi ka manta.

Na san inda ka ruɗe. Ka tashi kana ganin baffanninka da rediyo rataye a kafaɗa, suna tsakiyar daji suna jin Rediyon Kaduna a kilohaz 6090, suna jin Landan, ka ɗauka kowace rediyo haka take. Waccan gajeren zango ce, muryarta sama take hawa ta bugi wani rufi da ke can ƙololuwa ta dawo ƙasa a wata uwa duniya. Taka in ta hau, huda rufin take ta wuce abinta. Batun cewa ka taɓa jin mutanen Kumo kuwa, ban ƙaryata ka ba. Mai babbar na'ura da eriya a kan dogon ƙarfe zai iya isowa kunnenka, wani lokaci ma da sanyin asuba iska kan yi shimfiɗa-shimfiɗa ta ɗauki murya ta kai ta inda ba ta saba zuwa ba. Amma ka ji su daban, su ji ka daban. Ni ma kullum ina jin kiran sallar masallacin Juma'a daga ɗakina, ladan bai taɓa jin tarina ba.

Wayar da ka yi ta kirana da ita sau bakwai, ƙarfinta bai wuce wat 2 ba, amma da ita kake gaisawa da alhazai a Makka. Tun da GSM ta shigo a 2001, dogayen ƙarafunan nan da aka kafa a kowace unguwa su ke aikin, ita iyakarta ta kai murya gare su. Masu sha'awar rediyo ma haka suke yi, su ɗora na'urar maimaitawa a kan dutse, kowa ya jefa mata ta watsa. Da wat 5 da eriyar da ake nunawa sama, mutane na magana ta tashar sararin samaniya da ke kewaya duniya a nisan kilomita 400, don tsakaninsu da ita babu katangar kowa. Kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977 ya wuce kilomita biliyan 24 daga nan, na'urarsa wajen wat 23 ce, kuma ana jin sa, saboda faranti mai faɗin mita 70 aka kafa ana saurare. Ka duba da kyau, Ardo: a bisa sitikarka ka fi Voyager da wat biyu. Shi ya fita daga unguwar rana gaba ɗaya. Kai ba ka wuce Pantami ba.

Ko Sarkin Musulmi Bello da Shehu El-Kanemi, da suka yi ta musayar wasiƙu tsakanin Sakkwato da Borno, saƙonsu na kaiwa, amsa na dawowa, ba batir ba sitika. Shekara ɗari biyu ke nan, sadarwar Fulani da Barebari ba ta taɓa lalacewa irin ta ranar Asabar ba.

Yanzu ga abin da ya rage tsakaninmu. Kuɗin Keke zuwa da dawowa har Tumfure, ni na biya. Shayi da burodin dattijo, ni na biya. Kuɗin sharar Muharram na bara ma har yau ban gani ba, kada ka ɗauka na manta. Na haɗa duka na mai da shi ƙwarya biyu ta kindirmo, ba tsala ba, a kawo gida kafin Juma'a. Dattijo ya ce in ka mai da guntuwar eriyar, ka bar shi ya mai da shingen da aka cire, ka kuma fara neman lasisi, zai taya ka ɗaure eriya a kan doguwar gora a saman soronka, ya ga ko za a ji ka a bayan gari. Sandar kiwon kuwa ka ba yaron da ke bin shanunka, can za ta yi amfani.

Af, na kusa mantawa. Uwargidanka ta aiko a gaya mini cewa shekaranjiya da dare ka ba ta marar gyaran, ka fita zaure da mai sitika, ka yi ta kiran a kawo maka fura. Ta ce ta ji ka sarai, kuma ta kawo. Sai dai tata oba-obar a kashe take, ta taga ta jiyo ka.

Oba.